Tafintan da Ke Tsakanin Kwamfuta da Takarda: Tarihin PostScript da Ghostscript

Kusan kowace takarda da ta fito daga injin bugawa na zamani, ko sanarwa ce da za a liƙa a ofishin magajin garin Dogo, ko tambayoyin jarrabawar lakwal, ko kundin da ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram ya kai shagon buga takardu, sai da ta bi ta hannun wani tafinta wanda ba a ganinsa da ido. Tafintan nan manhaja ce, wato jerin umurni da aka rubuta domin na'ura ta bi, kuma aikinsa shi ne ya karɓi bayanin shafi kamar yadda kwamfuta ta tsara shi, ya mayar da shi ɗigo-ɗigon tawada a wuraren da suka dace a kan takarda. Mutanen Damagaram ba baƙin kalmar tafinta ba ne, domin tun daga 1899 da Faransawa suka ci birnin, har zuwa bayan 1926 da aka ɗauke hedikwatar mulkin mallaka daga Zinder, wato Damagaram, aka mayar da ita Yamai, tafinta ne yake tsayawa tsakanin kumandan da fadar sarki, da kuma tsakanin kumandan da talakawa, kuma duk maganar da bai fahimta ba, ko wadda ya ga dama ya yar, ba ta isa inda aka aike ta. Haka lamarin yake ga tafintan injin bugawa, kuma a nan ne tarihinsa ya shafi duk wanda yake rubutu da Hausa.

Injin bugawa mai aiki da hasken leza, wanda masu shaguna suke kira firinta, bai san harafi ba, bai san layi ko hoto ba. Abin da ya sani kawai shi ne a wannan gurbi a sa ɗigo, a wancan a bar shi fari. Injin da ke sa ɗigo 300 a tsawon inci ɗaya yana buƙatar a yanke masa hukunci a kan gurabu kimanin miliyan 8.7 kafin ya cika takardar A4 guda ɗaya, in kuwa mai ɗigo 600 ne, adadin ya ninka sau huɗu. Hanyoyi biyu ne ake iya bi a sanar da shi abin da ake so. Ana iya aika masa da jerin ɗigon baki ɗaya, amma wannan kaya ne mai nauyi, kuma jerin da aka shirya domin wani inji ba zai yi aiki a kan wani ba. Ana kuma iya aika masa da siffar shafin, kamar yadda mai gida yake gaya wa magini tsawon ɗaki da faɗinsa da inda ƙofa za ta zauna, ya bar masa lissafin yawan tubali. Harshen da ake yin wannan siffantawa da shi ne ake kira harshen bayanin shafi, manhajar da ke karanta shi ta fitar da ɗigon kuma ita ce tafinta.

Mafi tasiri a cikin irin waɗannan harsuna shi ne PostScript, kuma tushensa yana komawa ga John Warnock, masanin lissafi daga jihar Utah ta Amurka, wanda a tsakiyar shekarun 1970 ya yi aiki a kamfanin Evans & Sutherland a kan yadda za a siffanta tashar jiragen ruwa ta New York a cikin kwamfuta domin horar da matuƙa. A 1978 ya koma cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya, inda shi da Charles Geschke da abokan aikinsu suka gina wani harshe mai suna Interpress domin injinan kamfanin. Da suka ga Xerox ba ya gaggawar fitar da shi kasuwa, sai su biyun suka ajiye aiki suka kafa kamfanin Adobe a watan Disamba na 1982, suka sake gina tunanin daga tushe, kuma a 1984 PostScript ya fito.

Abin da ya bambanta PostScript shi ne cikakken harshen shirya manhaja ne, mai iya lissafi da maimaita aiki da yanke shawara, ta yadda shafin da aka aika wa inji a haƙiƙa ƙaramar manhaja ce da tafinta zai gudanar. Yana ɗaukar takarda a matsayin fili mai awo, inda kowane inci ya kasu kashi 72, ana fara ƙirga daga kusurwar ƙasa ta hagu, saboda haka takardar A4 tana da faɗin kashi 595 da tsawon kashi 842. Tsarin jimlarsa kuwa yana sa aikatau a ƙarshe: wanda yake son tara uku da huɗu sai ya rubuta 3 4 add, tafinta ya ɗora lamba ta farko, ya ɗora ta biyu a kanta kamar yadda ake jera kwanoni ɗaya bisa ɗaya, sa'an nan da ya iso ga kalmar tarawa ya sauke biyun da ke sama ya ajiye bakwai a madadinsu. Da wannan tsari ake cewa a kai alƙalami wuri kaza da kalmar moveto, a ja layi zuwa wuri kaza da lineto, a zuba masa tawada da stroke, a fitar da takarda da showpage. Lanƙwasa kuma ana siffanta ta da maki huɗu kacal, bisa lissafin da ake jingina wa Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen zana jikin mota. Wannan lissafi shi ne ya ba da damar a ɗauki harafi a matsayin zane mai iyaka, wanda ake iya ƙara masa girma ko a rage, a juya shi ko a karkata shi, ba tare da ya lalace ba. Ga wanda ya san zamanin haruffan dalma, lokacin da kowane harafi a kowane girma yake da nasa gunkin ƙarfe da ake jerawa da hannu ko da inji, wannan sauyi ne babba.

Kasuwa ta buɗe wa PostScript a farkon 1985, lokacin da kamfanin Apple ya fitar da injin LaserWriter a kan dalar Amurka 6,995. Tafintan yana zaune ne a cikin injin kansa, kuma saboda nauyin aikinsa sai da aka sa wa injin ƙwaƙwalwar lissafi da ta fi ta kwamfutar Macintosh da ke aika masa aiki sauri, da ma'adana mai girman megabayit ɗaya da rabi, alhali Macintosh ta wancan lokaci ba ta wuce kilobayit 512 ba. A shekarar ce kuma kamfanin Aldus ya fitar da PageMaker, manhajar tsara shafukan jarida da littafi, kamfanin Linotype kuma ya sa PostScript a cikin manyan injinan madaba'a masu iya sa ɗigo 2,540 a inci ɗaya. Daga nan mutum yana iya tsara mujalla a kan teburinsa, ya buga gwaji a ƙaramin inji, sa'an nan ya kai fayil ɗin nan dai madaba'a a fitar masa da shi tsaf, domin kowane tafinta zai yi nasa lissafin ɗigon gwargwadon ƙarfin injinsa.

Sai dai tafintan Adobe ba kyauta yake aiki ba. Kowane kamfanin da ya sa shi a injinsa yana biyan kuɗin lasisi, kuma wannan kuɗi yana komawa kan mai saye, shi ya sa ofisoshi da yawa suka tsaya ga injinan LaserJet na Hewlett-Packard, waɗanda suka fara fitowa a 1984 da nasu harshen mai sauƙi da arha da ake kira PCL. Adobe ya kuma ɓoye sirrin zubin haruffansa mafi kyau, wato tsarin da yake zana haruffa da shi, wanda ake kira Type 1, musamman dabarar da ke hana ƙananan haruffa karkacewa idan ɗigo ya yi kaɗan, bai bayyana ta ba sai a 1990, bayan da Apple ya sanar da nasa zubin mai suna TrueType ya kuma haɗa kai da Microsoft a kansa. Abin da Adobe bai ɓoye ba shi ne ƙa'idojin harshen kansa, domin ya wallafa su a littafi tun 1985, kuma ta wannan ƙofa ce wani tafinta na biyu ya shigo.

L. Peter Deutsch, wanda tun yana matashi a farkon shekarun 1960 ya rubuta tafintan harshen Lisp domin kwamfutar PDP-1, daga baya kuma ya yi shekaru a cibiyar Xerox ɗin nan yana aiki a kan harshen Smalltalk, ya fara rubuta nasa tafintan PostScript a 1986, ya sa masa suna Ghostscript, aka kuma fitar da shi ga jama'a a 1988 a ƙarƙashin shirin GNU, wato yunƙurin da Richard Stallman ya kafa domin samar da manhajojin da kowa yake da ikon karanta cikinsu, ya gyara, ya raba. Hikimar Ghostscript ita ce ya fitar da tafinta daga cikin injin bugawa ya mayar da shi cikin kwamfuta. Shi zai karanta bayanin shafin, ya yi lissafin ɗigon, sa'an nan ya miƙa su ga wani ƙaramin sashe da ya san yaren injin da ke gabansa, ko mai allura ne mai ƙara, ko mai fesa tawada, ko ma allon kwamfuta kawai. Ta haka injin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin LaserWriter ba ya iya fitar da shafin PostScript, ɗalibi kuma ya iya duba aikinsa a allo kafin ya kashe takarda. Wannan, a gaskiya, shi ne babban alherin da manhajar ta yi wa ƙasashen da ba su da kuɗin sayen manyan injina, ko da yake galibin masu cin moriyarta ba su taɓa jin sunanta ba.

Tarihin lasisinsa ya ɗan yi kwana-kwana. Deutsch ya kafa kamfanin Aladdin Enterprises, kuma shekaru da dama sabuwar fitowa takan zo da lasisin da ya hana sayar da ita, sai ta tsufa a sake ta a ƙarƙashin lasisin GNU, yayin da kamfanin Artifex yake sayar da izini ga masu ƙera injina. Raph Levien ya karɓi ragamar aikin a 2000, Deutsch kuma ya yi ritaya ya koma nazarin tsara kiɗa. A 2006 aka daina raba fitowar gida biyu, a 2013 kuma aka koma lasisin AGPL, wanda ya wajabta wa duk wanda ya cusa manhajar a cikin hajarsa ya buɗe tasa ga jama'a, in ba haka ba ya sayi izini. An gwada ƙarfin irin wannan sharaɗi a gaban kotu lokacin da Artifex ya yi ƙarar kamfanin Hancom na Koriya ta Kudu a 2016, wata kotun tarayya a Kalifoniya ta ƙi korar ƙarar a 2017, ɓangarorin biyu suka sasanta a ƙarshen shekarar.

PostScript kansa ya samu gyara a 1991 da 1997, amma magajinsa ya riga ya fito daga gida ɗaya. A 1993 Adobe ya fitar da PDF, wanda ya riƙe yadda PostScript yake siffanta layi da harafi da hoto, ya yar da ɓangaren shirya manhaja, ya kuma sa kowane shafi ya tsaya da kansa, ta yadda ana iya buɗe shafi na ɗari ba tare da an bi ta kan casa'in da tara da suka gabace shi ba. A 2008 PDF ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 32000. Ghostscript ya koyi karanta shi da rubuta shi, ya zama ginshiƙin bugawa a kwamfutoci masu tsarin Linux, kuma shekaru masu yawa tafintansa na PDF da harshen PostScript aka rubuta shi, sai a 2022 wani sabo da aka rubuta da harshen C ya maye gurbinsa. Akwai dalilin tsaro a cikin wannan ƙaura daga PostScript, domin shafin da yake manhaja ne yana iya ɗauke da mugun umurni. A 2018 wani mai binciken tsaro na Google, Tavis Ormandy, ya nuna hanyoyin da gurɓataccen fayil zai iya tsallake shingen tsaro na Ghostscript, kuma daga 2019 aka sa shingen ya riƙa aiki kai tsaye ba sai an kunna shi ba.

A kan haruffa ne wannan tarihi ya taɓa Hausa kai tsaye. LaserWriter na farko ya zo da zubin haruffa 13, wanda ya biyo shi a 1986 ya zo da 35, kuma waɗannan 35 suka zama ma'aunin da kowane tafinta yake sa ran samu, har kamfanin URW na Jamus ya ba da makamantansu kyauta a 1996 domin Ghostscript. Zubin haruffa shi ne tarin zanen dukan haruffa da lambobi da alamomi a salo guda, kuma a tsarin wancan lokaci ana kiran kowane zane da lamba ɗaya daga cikin 256. An cika guraben da bukatun harsunan Yammacin Turai, saboda haka Faransanci ya samu wasulansa masu alama a ka, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Abin takaicin shi ne haruffa masu ƙugiya ba sababbi ba ne a lokacin, domin a Zariya, inda aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, an daɗe ana buga littattafan Hausa da su a zamanin dalma, taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 kuma ya tabbatar da su a rubutun Hausa. Sabuwar fasahar da ta sauƙaƙa wa wasu harsuna bugu sai ta mayar da Hausa baya na wani lokaci.

Mafitar da masu buga littattafai suka samu ita ce su ɗauki zubi su cire wani harafin da Hausa ba ta bukata, su zana ƙ ko ɗ a gurbinsa. Dabarar tana aiki muddin fayil bai bar kwamfutar da aka shirya shi a kanta ba, amma da zarar an kai shi wani shago da babu wannan zubi, sai tafinta ya nemi zanen da ke lambar da aka ba shi a cikin wani zubin, ya fitar da baƙuwar alama a tsakiyar kalma. Da yawa daga masu rubutu suka gaji suka yar da ƙugiyar gaba ɗaya, wasu suka riƙa ƙara ta da biro bayan bugu, aka wayi gari ana buga baki inda ake nufin baƙi, kafa a madadin ƙafa, bari a madadin ɓari, ana barin mai karatu ya yi hasashe. Babban mai karatu yakan gane daga ma'anar jimla, amma yaron da yake koyon karatu a ajin farko a Dogo ko Bande ko Magarya ba shi da wannan gata, kuma shi ne ya fi kowa cutuwa.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin, kuma haruffan Hausa suna ciki tun farkon shekarun: ɓ yana da lamba U+0253, ɗ yana da U+0257, ƙ yana da U+0199, ƴ kuma U+01B4. Na ƙarshen nan ya fi shafar Nijar, domin ƙa'idar rubutun da ma'aikatar ilimi ta kafa a 1999 ta ɗauki ƴ a inda aka saba rubuta 'y a Nijeriya. Amma samun lamba rabin aiki ne, tunda tafinta ba ya ƙirƙirar zanen da ba a ba shi ba. Idan fayil ya ambaci sunan zubi kawai bai ɗauko shi a cikinsa ba, Ghostscript da takwarorinsa sukan nemo wani mai kama da shi su sa a madadinsa, in kuwa wannan ba shi da harafin da ake so, sai a ga ɗan akwati ko fili fari a wurin. Wannan ne asalin akwatunan da ake gani a wasu takardun Hausa, kuma galibi ba laifin injin ba ne, ba kuma laifin wanda ya danna maɓallin bugawa ba. Maganinsa shi ne cusa zubi a cikin fayil, wato a sa zanen kowane harafin da aka yi amfani da shi ya yi tafiya tare da takardar duk inda za ta je, kuma nau'in PDF/A, wanda aka kafa a 2005 domin adana takardu na dogon lokaci, ya wajabta yin haka.

Ajami, wanda malaman Damagaram suka daɗe suna rubutu da shi kafin zuwan boko, yana bin wannan ƙa'ida. Tafinta bai san cewa ana karanta shi daga dama zuwa hagu ba, bai kuma san cewa harafi yana sauya siffa a farkon kalma da tsakiyarta da ƙarshenta ba. Manhajar rubutu ce take zaɓar siffar da wurinta tun kafin shafi ya iso gare shi, shi kuwa ya zana abin da aka ba shi. Ƙungiyar SIL, wadda ta fitar da zubi irin su Charis da Andika masu ɗauke da dukan haruffan boko na Hausa, ta kuma fitar da Harmattan domin ajamin Afirka ta Yamma, da Alkalami wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na Kano da ake amfani da shi har a Nijar, kuma dukansu kyauta ake sauke su.

Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, takardun da za a buga da ita a ofisoshi da makarantu sai dai su ƙaru, kuma takardar hukuma da ta rubuta sunan mutum ko na gari ba tare da ƙugiyarsa ba ta rubuta wani suna ne dabam. Tafinta na kyauta yana nan tun 1988, lambobin haruffa suna nan fiye da shekara talatin, zubi masu kyau kuma ba sa bukatar ko dala ɗaya, saboda haka uzurin da aka yi a shekarun 1990 bai da sauran ƙarfi a yau. Kira ga sakatarorin ofisoshin magajin gari, da malaman da ke shirya jarrabawa, da masu shagunan buga takardu daga birnin Damagaram har Dogo, shi ne su sa zubi mai haruffan Hausa a kwamfutocinsu, su mayar da kowane aiki PDF tare da cusa zubin a cikinsa kafin su kai shi wani inji, kuma su duba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a shafin gwaji kafin su buga sauran.